Irin da Baba Ya Bari a Kunkuru

Ruwan farko ya sauka ranar Talata da la'asar. Ina zaune a zauren Kawu Lawwali, ƙanen mahaifiyata, ina kallon yadda yake zuba daga indararo. Yara suna ta ihu a waje. Ni dai kallo nake yi.

Da ya ɗauke, Inna ta leƙo daga cikin gida. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika haɗa ido da ni ba. Ta tsaya tana duban ƙofa.

"Kai," ta ce. "Gobe ku tahi gida da kawunka, ku ɗauko iri."

"Wane iri?"

"Na cikin Kunkuru."

Na ce mata ai bara Baba bai samu damar ajiye iri ba. Ta ce ya ajiye. Da safiyar ranar da 'yan bindiga suka shigo mana ya ajiye shi, ita da hannunta ta tankaɗe masa tokar. Ta faɗi haka ta koma ciki. Na ci gaba da zama, wayata a hannu. Na san abin da ba ta sani ba: Kunkuru ba ta ƙauyenmu. Wata biyu ke nan da na bayar da ita.

Kunkuru motar Baba ce. A takarda sunanta Bitil, amma ban taɓa jin wani ya kira ta haka ba daga Turba har Sabon Birni. Ƙarama ce, mai ƙusumbi, ƙofa biyu, fitilunta kamar idon kwaɗo. Asalin launinta ruwan ƙwai ne. Ni na tashi na same ta launin ƙasa. Baba, wanda duniya ta sani da Ɗanmusa direba, ya same ta a hannun wani malamin gona da aka yi wa canjin wurin aiki, tun kafin ya auri Inna. Ya yi shekaru yana ɗaukar 'yan kasuwa da ita, Isa, Sabon Birni, wani lokaci har Maraɗi.

Idan ya fara labarinta ba ya gajiya. Ya ce Jamusawa ne suka zana ta tun kafin babban yaƙi, don talaka ya samu abin hawa, amma tasa a Ikko aka haɗa ta. Ya ce wanda ya zana ta ya yi komai a juye, kuma daidai ya yi. Inji yana baya, wurin kaya yana gaba. Ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa, iska ce ke sanyaya ta, akwai wata fanka a ciki da ke hura injin. Da bazara, in ji shi, sai ka ga manyan motoci a gefen hanya sun buɗe baki suna tururi, direbobi suna yawo da galan suna roƙon ruwa a ruga, shi kuwa ya wuce yana ɗaga musu hannu. Nauyin injin yana kan tayoyin baya, su ne kuma masu turawa, shi ya sa rairayin hanyar Burkusuma bai cika riƙe ta ba. Batir ɗinta ma ƙarƙashin kujerar baya yake. Wani ɗan kasuwa ya taɓa zagayawa baya da buhun barkono, ya ɗaga murfi ya ga inji, ya ce, "Ɗanmusa, wa ya riga ni sa kaya?" Baba ya ba da wannan labari ya fi sau ɗari, kowane lokaci kuma sai ya yi dariya.

Ikko sun daɗe da daina haɗa ta. Shekarar da aka yaye ni kuma Baba ya ji a rediyo cewa an ƙera ta ƙarshe a duniya, a wata ƙasa mai suna Meziko, daga ita an rufe. Inna ta ce ranar ya ɗebo ruwa ya wanke tasa har tayoyi. Daga nan kayan gyara suka yi ta wuya. Ya je Sakkwato, ya je Gusau, ya je Maraɗi. Ina ɗan shekara goma injin ya gaji ya tsaya. Aka turo ta ƙofar gida, Baba ya ce a kai ta gindin gawo, ba gindin dogon yaro ba. Ya cire tayoyi ya ɗora ta kan duwatsu, ya koma gona.

Daga baya na gane dalilin gawon. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi lif. Watannin da rana ke dafa ƙasa, su ne watannin da Kunkuru ke cikin inuwa. Baba ya riga ya yanke abin da zai yi da ita.

Muna da wani gero da kakan Baba ya zo da shi daga arewa. Zangarniyarsa doguwa ce, mai gashi tsaye kamar na bushiya, tsuntsaye ba sa son sauka a kai, kuma yana nuna kafin na kowa. Mutane suna ce masa geron Ɗanmusa. Duk kaka Baba yana bin gona da kansa, ya zaɓi zangarnun da suka fi cika, ya yanke su daban. Da can a rufin ɗaki ake rataye su, ɓera ya ci, gara ta ci. Da mota ta mutu sai ya cire tayar safaya daga gaba, ya share wurin, ya zuba toka da busasshen ganyen dogon yaro. Ramin tayar ya fara cikawa, sannan ya jera sauran a sama, kwance, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce kamar da zangarniya aka auna faɗin wurin. Ɓera ba ya shiga, ruwa ba ya shiga.

Mabuɗin murfin gaba yana cikin ɗan akwatin da ke gaban kujerar fasinja, wani hannu ne da ake ja. Baba ya kwance wayar daga jikinsa ya bi da ita wani wuri. Shekarar da abinci ya yanke mana tun kafin shuka, Inna ce da kanta ta ce kada ya nuna mata wurin. Ta ce in yara suna kuka, ba ta amince da hannunta ba. Ni ya nuna wa, ina ɗan shekara goma sha biyu. Ya ce in ya mutu ni ne makullin.

Ban zama abin da ya so ba. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare. Na yi kabu-kabu da mashin ɗin wani, na yi cajin waya a Isa, na je Maraɗi na yi wata huɗu na dawo. Ko'ina na zauna sai in ji ƙafata tana ƙaiƙayi. Motar kuma kunya take ba ni. In za a yi wa baƙo kwatancen gidanmu, sai a ce gidan da akwai mushen mota.

Bara bayan an gama girbi, 'yan bindiga suka shigo ƙauyenmu da hantsi. Ina Sabon Birni ranar. Suka kora shanu, suka ƙone rumbuna. Mutum huɗu aka binne, Baba na cikinsu. Na isa an riga an yi masa wanka. Mutane suna kuka, ni ina ta kallon takalminsa da aka bari a bakin rijiya, ina tunanin wa zai ɗauka. Kwana uku bayan nan kowa ya watse. Ni da Inna da ƙannena muka dawo gidan Kawu a Sabon Birni.

Tun daga lokacin ban yi wani aiki ba. Teburin mai shayi nake zama. A nan na haɗu da wani ɗan gwangwan daga Isa, Is'haƙa, mai bin ƙauyukan da aka gudu yana kwasar tsohon ƙarfe. Yana tambayar mutane inda zai samu garma ko injin niƙa da aka bari. Na ce akwai mota guda a ƙofar gidanmu, ya je ya ɗauka. Ya ce ta wa ce? Na ce tawa. Ya zaro wata waya mai fasasshen gilashi ya miƙo mini, na karɓa. Ban yi tunanin iri ba. Ban yi tunanin komai ba. Ita ce wayar da ke hannuna lokacin da Inna ke magana.

Washegari da safe Kawu Lawwali ya fito da mashin. Shi ɗan kasuwa ne, yana kai atamfa da takalma ƙetaren iyaka ya dawo da dabino da wake. Ya ba Inna aron wata 'yar gona a bayan gari. Ya ɗaura buhu biyu babu komai a bayan mashin, ya zuba mai, ya yi addu'a mai tsawo, don tun da muka fito babu wanda ya koma ƙauyen sai masu kasada.

"Hau, Alhaji Talha," ya ce. "Ko sai an shimhiɗa ma darduma?"

Na hau. Muka kama hanyar Isa. Ƙasa ta yi duhu da ruwan jiya, mutane sun fito gonakin bakin titi da sungumi, mace na bin namiji tana jefa iri tana takewa. Can nesa da titi babu kowa. Muka wuce shingen sojoji, muka wuce na 'yan sa-kai. Kawu yana ta surutu, iska tana kwashe rabi. Yana cewa in mun isa kada in tsaya gaida kabari, in buɗe, mu kwashe, mu juyo.

Da muka zo inda hanyar ƙauyenmu ta rabu da titi, ya rage gudu zai karya. Na taɓa kafaɗarsa.

"Kawu, miƙe. Isa za mu."

"Mi za mu yi Isa?"

"Motar tana can."

Ya tsaya. Ya sauke ƙafa, ya kashe mashin, ya juyo gaba ɗaya.

"Motar da ba ta da taya? Da ƙahwa tat tahi?"

Na gaya masa. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ya ce in nuna masa wayar. Na nuna masa. Ya juya ta gaba da baya, ya duba fashewar gilashin.

"Wagga ce motar Ɗanmusa?"

Ya ɗaga wayar a gabana.

"Shekara talatin yana shahwa ta kamar amarya. Kai ko ka mai da ta abin kallon 'yan rawa." Ya miƙo mini. "Riƙe dukiyarka. Yaushe anka ɗauke ta?"

"Wata biyu."

"Wata biyu. Cikin bazarar ga da ta kashe mani kaji shidda." Ya tofar da yawu gefe. "Uwarka ta sani?"

"A'a."

"To ba ni za ni hwaɗa mata ba. Da bakinka."

Ya tayar da mashin. Muka miƙe har Isa.

Filin Is'haƙa yana bayan tasha, an kewaye shi da tsofaffin kwanon rufi. Babu itace ko ɗaya a ciki. Akwai tulin garmuna, kekunan ɗinki, gadajen ƙarfe, tukwane, ƙofofi, duk kayan gidajen mutane. Wani babban sikeli yana rataye a tsakiya. Mutum biyu suna yanka wata tankar ruwa da wutar gas.

Kunkuru tana can ƙarshen fili, a ƙasa, cikin rana. An cire injin, bayanta a buɗe kamar an yi mata fiɗa. Babu kujeru, babu ƙofofi, babu sitiyari. An yanke rufin an jingine shi a gefe. Amma gabanta yana nan yadda yake, a rufe.

Is'haƙa ya fito daga wata rumfa yana goge hannu. Ya gane ni.

"A'a, mai mota! In wayar ce ta lalace, ni ba na mai da ciniki."

"Ba mota muka so ba," in ji Kawu bayan sun gaisa. "Akwai ajiyar marigayi cikin gabanta."

"Cikin gaba?" Is'haƙa ya yi dariya. "Ai gaban nan ya gagare mu. Na ja hannun da ke cikin akwati har ya hita a hannuna, ba abin da ya motsa. Yaran ga sun so su sa wuta, na ce ku mahaukata ne, irin wagga tankin mai gaba yake. Su ba su taɓa ganin irinta ba. Ranar da munka kawo ta, wancan dogon ya zagaya baya zai buɗe but, ya ga inji, ya ce Oga an yi mamu canji."

Dogon ya ɗago daga wajen tanka. "Oga, kullum sai ka hwaɗi wannan?"

"Har ranar aurenka za ni hwaɗa."

Kawu ya tambaye shi me ya hana su ɓalle murfin da ƙarfe. Ya ce wani mai shayi ne ya gani ya ce yana son sa lafiya lau, ba lanƙwasa, zai yi rumfar tukunya da shi. Shi ya sa ya bar shi sai ya samu lokaci. Jibi babbar mota za ta zo ta kwashe komai zuwa Kano.

"Mi ag ciki?" ya ce. "In zinari ne, da ni za a raba."

"Gero ne," na ce.

"Gero?"

"Iri."

Ya daina dariya. Ya dubi motar, ya dubi sama inda rana take. Shi ma ɗan manoma ne.

Na durƙusa a gefen hagu. Na tura hannu ƙarƙashin ƙarfen da ke rufe tayar gaba, bayan fitila. Ƙarfen ya ƙona mini hannu tun ba a kai azahar ba. Na lalubo cikin busasshen laka da sheƙar zanzaro, har yatsana ya shiga wani ɗan zobe na waya. Yana nan inda Baba ya bar shi. Na dafa murfin da gwiwa na danna, yadda ya koya mini, na ja. Ya yi ƙara ɗaya, ya saki.

Zafi ne ya fara fitowa, kamar an buɗe tanda. Sai warin toka da ganye, da wani wari kamar na gasasshen tumu. Zangarnun suna jere yadda ya jera su, kai da gindi, kai da gindi. Na sama sun yi ja. Na taɓa ɗaya, gashin ya karye ya zube. A gefe ga ƙaramar wuƙarsa ta yankan gero, da igiyar rama da ya naɗe ya ajiye.

Na tsaya ina kallo. Na jira in ji wani abu, ban ji ba. Hannuna ne kawai ke zogi.

Kawu ya murza 'yan ƙwayoyi a tafinsa, ya jefa a baki, ya tauna. Ya buɗe buhu. Na ce ya dakata. Na ce kada a haɗa. Na sama buhu ɗaya, na tsakiya buhu ɗaya. Is'haƙa ya kawo wani tsohon buhun siminti ya kakkaɓe, muka sa na cikin ramin taya, waɗanda toka ta binne. Su ba su da yawa, ba su kai ashirin ba. Da na tura hannu can ƙasan ramin, tokar ba ta yi zafin ta sama ba.

Da za mu tafi Is'haƙa ya ce in ɗauki wani abu na motar in ina so, ko fitila ce. Na ce a'a. Na ɗauki wuƙar da igiyar.

Mun dawo Sabon Birni bayan la'asar. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ga buhu uku, ta tashi. Kawu ya ajiye su ya ce za shi masallaci, ko da yake an riga an yi salla. Ta kwance na farko ta zaro zangarniya, ta kai hanci. Ta daɗe a haka.

"Gawon sun sare shi?" ta ce.

Da na ce e, da magana ta ƙare. Babu mai komawa ya duba.

"Gawo na nan," na ce. "Motar ce ba ta gindinsa. Na ba wani ɗan gwangwan ita tun wata biyu. A Isa muka same ta, cikin rana."

Ta mayar da zangarniyar cikin buhu. Ba ta tambaye ni dalili ba, ba ta tambayi abin da aka ba ni ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon zane, ta yage shi gida uku. Daga kowane buhu ta murza ƙwayoyi cike da tafi, ta zuba a tsumma, ta yayyafa ruwa, ta ƙulle. Na buhun farko ƙulli ɗaya, na biyu ƙulli biyu, na buhun siminti ƙulli uku. Ta jera su a gindin randa inda ƙasa ke da sanyi.

"Kwana uku," ta ce, ba da ni take ba.

Kwana ukun nan ban je teburin mai shayi ba. Ban kuma yi wani abu ba. Ina zaure. Maƙwabta suna ta wucewa da sungumi. Wata mata da muka gudo tare, Bara'atu, ta kawo wa Inna kwano guda na irin da aka raba wa 'yan gudun hijira, ta ce ta shuka kafin danshi ya tafi. Inna ta yi godiya ta ajiye a kan bango. Safe da yamma tana yayyafa wa tsummokaran ruwa. Tana ba ni abinci kamar kullum. Wani abokina ya kira ni ya ce akwai motar da za ta Agadas ranar Lahadi, in ina so a sa sunana. Na ce za ni gaya masa.

Ranar Asabar da safe ta ce, "Kai, zo."

Na zo na tsuguna. Kawu ma ya fito da buta a hannu. Ta kwance mai ƙulli ɗaya. Ƙwayoyin sun kumbura sun yi yauƙi, suna tsami. Babu ko ɗaya da ta tsiro. Ta ajiye gefe. Ta kwance mai ƙulli biyu. Haka nan, sai guda biyu da suka ɗan fashe suka tsaya. Ta ajiye.

Ta daɗe tana kwance na ukun, don ƙullin ya jiƙe ya ɗaure. Da ya buɗe, na ga fararen zare sun fito daga wasu ƙwayoyin, ƙanana, sun kama jikin tsumman. Ba duka ba. Ta bi su da yatsa tana warewa, masu rai dama, matattu hagu. Na dama ba su kai rabi ba.

"Alhamdu lillahi," in ji Kawu. "Ramin tayar ga ya yi aiki."

Inna ta dubi buhun simintin. Ni ma na dube shi. Zangarnun da ba su kai ashirin ba, kuma fiye da rabin ƙwayarsu ta mutu.

"Ba ya cika gona," na ce.

"Ba ya cikawa," ta ce. "Na Bara'atu za mu shuka mu ci. Wanga ba na ci ba ne. Can ƙarshen gona za a sa shi, shi kaɗai, nesa da na kowa, kada ya gauraya. In ya nuna a zaɓi na zaɓa, baɗi a samu iri." Ta nuna buhu biyun farko da haɓa. "Waɗancan a sussuke, a yi hura da su."

Kawu ya ce bayan gari akwai awaki, ga masu yankan ciyawa, ga shi wuri ne da kowa ke bi. In ba wanda ya zauna a kai tun daga tsiro har girbi, ko kara ba za a samu ba. Ya faɗa yana kallon buta, ba ni ba.

Inna ta ɗauko ƙwarya ta zazzage zangarnun ramin taya a ciki, ta fara murzawa a hankali da tafin hannu, ba ta yarda ta sa su a turmi ba. Toka tana tashi tana sauka a zanenta. Da ta gama, abin bai cika ƙwaryar ba. Ta tura ta gabana.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Na san abokina ne, na Agadas. Na bar ta ta yi ta gama.

Na ɗauki ƙwaryar. Sungumin Kawu yana jingine a bayan ƙofar zaure, na saɓa shi. Inna ta yafa mayafi ta biyo ni. A ƙarshen gona ƙasa tana da sauran danshi, na tona da yatsa na gani. Na fara sara ina tafiya, tana bayana tana jefawa tana takewa da diddige. A kowane rami tana zuba fiye da yadda aka saba, saboda matattun da ke ciki.

Layi tara muka yi, iri ya ƙare.